Kafin Ka Sa wa Tsohuwar Motarka Fitilar Zenon

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Zariya bayan sallar isha'i ya san fitilar da nake nufi. Tun daga nesa za ka hango ta fara fat, da ɗan shuɗi a gefe-gefenta. Kafin ka ankara ta cika maka gilashi: bakin kwalta ya ɓace, ramin da kake shirin kaucewa ya ɓace, mai keken da ka gani ɗazu a gefen titi shi ma ya ɓace. Ka kifta masa fitila kana roƙon dim. Shi kuwa bawan Allah a dim ɗin yake, sai ya ji haushi ya ɗaga maka ful ɗinsa na gaske. In ya gifta ka duba, Golf ce ta haya, ko tsohuwar Honda da aka cusa wa ƙwan zenon.

Ni rewaya ne, wutar mota ce sana'ata tun ina yaron shago, kuma maganar da masu irin waɗannan motoci ke zuwa da ita kusan guda ce: "Oga, ba na gani da dare. A sa min irin mai shuɗin nan." Rabin farko na maganar gaskiya ce tsagwaronta. Motar da aka ƙera a 2003, ta gama yawonta a Amurka ko Beljiyam, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta zo ta sha ranar Kano da ƙurar hunturu shekara da shekaru, ai dole fitilarta ta dushe. A kan rabi na biyun ne muke daɗewa ni da mai mota, wani lokaci har shayi ya huce.

Ƙwan da muka saba da shi, na halojin, siririn zaren ƙarfe ne a naɗe cikin gilashi. Wuta ta bi ta cikinsa, ya yi zafi har ya yi fari, ya ba da haske. Tun 1962 ake sa irinsa a motocin Turai. Shi kuwa ƙwan zenon, wanda za ka ga an rubuta HID a kwalinsa, ba shi da zare ko kaɗan. Ƙarafa biyu ne ƙanana suna fuskantar juna, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin santimita ba, a cikin wani ɗan kurtun gilashi mai ɗauke da iskar zenon da gishirin wasu ƙarafa, yawancinsu kuma har da ɗigon zaiba. Wuta ce ke tsallake ratar nan ta tsaya a tsakani tana ci, kamar wutar mai walda, sai dai ita a rufe take. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, ba zai iya wannan tsallake ba. Shi ya sa kowane ƙwai ke tafe da ɗan akwatinsa, balas, wanda ke ɗaga wutar ta haura bolt 20,000 a bugun farko, in ta kama ya sauko da ita wajen bolt 85 ya riƙe ta a nan. In ka kunna za ka ga ta fara da shuɗi mai rauni, tana ƙaruwa a hankali kafin ta cika. Gishirin nan ne ke narkewa yana zama tururi.

Ribar ba ta ɓuya. Ƙwan H7 yana cin wat 55 ya ba da haske lumen 1,500. Dim ɗin H4 da na 9006, wanda ke cikin Accord da Camry da Corolla na Amurka na farkon shekarun 2000, wajen lumen 1,000 suke. Ƙwan zenon na asali, D2S, wat 35 kacal yake ci, ya ba da lumen 3,200, kuma yana daɗewa fiye da halojin nesa ba kusa ba. Wa zai ƙi? Kamfanin BMW ne ya fara fito da shi a 1991 a babbar motarsa ta jerin 7, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu.

Sai dai BMW ba ƙwai kaɗai suka canza ba, gidan fitilar gaba ɗaya suka sake ƙerawa, kuma a nan mai sayar da kit, wato ƙwan zenon da balas ɗinsa, a kasuwa yake tsuke baki. Kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai, kowace lanƙwasa tasa an lissafa ta ne bisa wuri guda: inda zaren halojin yake zaune, tsawonsa, kaurinsa, da yadda ya kwanta. Ya goce da milimita ɗaya ko biyu, inda haske ke sauka a mita hamsin ya canza. Zare ya fi haske a tsakiyarsa, gefensa kuma a yanke yake tsaf. Wutar zenon ta fi ƙarfi a bakin ƙarafan nan biyu, tsakiyarta na gantsarewa sama saboda zafi, ga wani haske-haske da ke kewaye da ita. In ka zaunar da ita a kwanon halojin, ko da gindin ƙwan ya shige daram, kwanon zai aika wani kaso inda aka nufa, sauran ya watsa shi sama da gefe. Ga shi kuma hasken ya ninka sau biyu ko uku.

Abin da ke ruɗar mai mota shi ne daren farko. Gaban bamba ya yi fari ƙal, allunan hanya na walƙiya, har ganyen darbejiya yana gani. Ya ce alhamdu lillahi, kuɗi sun yi rana. Amma idon ɗan Adam in kusa da shi ya yi haske da yawa sai ya tsuke, ganin nesa ya ragu, alhali can nesa ne saniya ke tsallaka titi, can ne tirelar da ta lalace take tsaye ba ko ganye a bayanta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ka kashe wa ido na daƙiƙa uku ya yi tafiyar sama da mita 80 a makance, kuma wajenka ya nufo. In hunturu ya shigo hazo ya sauka, hasken da ke tashi sama ya bugi ƙura ya dawo maka, kai ma ka shiga sahun marasa gani.

Masu H4 su suka fi shan wahala, wato Golf 3, Marsandi bi-but, Fijo 504 da ire-irensu. Ƙwai ɗaya ne mai zare biyu, na dim yana da ɗan cokalin ƙarfe a ƙarƙashinsa da ke hana haske tashi. Kit ɗin zenon na H4 wuta ɗaya gare shi, sai aka sa masa maganaɗisu yana jan ƙwan gaba da baya, wai nan dim nan ful. Na sha haska irinsa a bango, da wuya ka ga layi, sai dunƙulen haske mai hawa da sauka.

Ƙasashen da suka ƙera abin sun san halinsa. A ƙa'idar Turai, fitilar da ƙwanta ya wuce lumen 2,000 dole ta zo da abin wanke gilashinta da na'urar da ke daidaita tsayin haske da kanta in an yi wa mota lodi. A Ingila, motar da aka cusa wa zenon a gidan halojin faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Amurka ma ba ta amince da kit ɗin ba. Ka juya kwalin da kyau, sau da yawa za ka tarar an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba na hawa titi ba ne.

To, mutum ya zauna cikin duhu ke nan? A'a. Ni dai kafin a yi maganar sayen komai, abin da ya kashe hasken nake fara nema.

Wani Alhaji ya kawo min Accord 2004, kit ɗinsa a hannu, sabo fil a leda. Murfin fitilar ya yi rawaya, in ka shafa har kaushi yake. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ajiye wannan tukuna, ba ni zuwa la'asar." Ya ce, "Kai dai rewaya ba ku rabo da dogon Turanci." Na tayar da inji na sa mita a kan batir, bolt 14 da ɗan ɗori. Na kai ta soket ɗin fitila, ko 12 bai cika ba. Wutar tana fita daga batir, ta bi ta fis, ta bi ta tsofaffin soket, ta ratsa wani haɗi da wani ya taɓa murɗawa da hannu ya naɗe da salatif, wayar bodi kuma duk tsatsa. Ƙwan halojin ba ya yafe wannan: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske kan ragu da kusan kashi 30. Muka ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta kan rile, wato makunnin da tsohuwar wayar fitila ke tayarwa, muka kankare inda wayar bodi ke kamawa har ƙarfe ya fito fes. Yarona ya zauna da ruwa da sanfefa, daga mai lamba 800 har zuwa 3000, yana bin murfin, rawayan ruwa na gangarowa kan bamba, sannan aka goge da folish aka fesa kiliya mai kare zafin rana. Wannan fesawar ita ce mutane ke tsallakewa, shi ya sa mai goge fitila da man goge baki a bakin titi yake samun ciniki wurin mutum ɗaya duk bayan 'yan watanni. Ƙungiyar direbobi ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan murafe da suka dushe a 2018, ta samu wasu ba sa fitar da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken sabuwar fitila. Alhaji dai da kit ɗinsa ya koma gida a leda.

Wani lokaci kwanon ne ya ƙone, musamman in an taɓa sa masa ƙwan wat 100. Ƙyallin ya kwaile, ya koma toka-toka a saman ƙwai. Wannan ba ya gyaruwa, sai a nemi na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ko Panteka in a Kaduna kake, kuma a haska shi da tocila a duba cikinsa kafin a biya.

Wanda duk da haka zenon yake so, kuma yana da hujja, kamar mai yawan tafiyar dare a hanyar da ba fitilun titi, hanyar ƙwarai guda ce: furojekta. Ƙaramin kwano ne mai zurfi, a gabansa akwai shamakin ƙarfe da ke datse rabin hasken da zai tashi sama, a gaban shamakin kuma gilashi mai tudu da ke tattara sauran ya shimfiɗa shi a kan titi. In ka haska shi a bango za ka ga layi a yanke, ƙasa fari sama duhu. Ko dai ka samo fitila sukutum ta irin motarka wadda kamfani ya yi da zenon, in akwai, ko a buɗe taka a dasa furojekta a ciki. Buɗewar aikin haƙuri ne. Da iska mai zafi ake tausasa gam ɗin da ya riƙe murfi, a ɓamɓare a hankali kada kunnuwan roba su karye. Wajen rufewa kuma in aka yi ganda, damina na zuwa fitila ta fara gumi daga ciki, ruwa da bolt 20,000 kuwa ba sa zama ɗaki ɗaya. Motocin da gilashin fitilarsu mai zane-zane ne, irin bi-but da Golf 3, sai an samo musu murfi garau, don zanen nan zai wargaza layin da aka sha wahala aka samu.

Ka nemi furojektan da ke yin dim da ful da ƙwai ɗaya, wanda shamakinsa ke faɗuwa in ka ja ful. Kada a sa maka zenon a ramin ful na daban, irin 9005. Ba ta son kunnawa da kashewa, kafin ta cika ma ka saki makunni, kuma kowane bugu yana cin ƙarafan ciki. Mu kuwa da fitila muke gaisawa, da ita muke cewa wuce, da ita muke gaya wa na gaba akwai jami'ai a kwana. A bar wa halojin wannan aiki.

Akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Layin dim ba a miƙe yake ɗoɗar ba, yana ɗan hawa ta gefe guda don ya haska bakin hanya. Nijeriya ta koma bin hannun dama tun 1972, Nijar kuwa dama can a dama take, don haka namu ta dama ya kamata ya hau. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan ta hagu take hawa, daidai fuskar mai tahowa. A fitilun Turai, in ka ga kibiya mai kai ɗaya a jikin gilashi kusa da alamar E, ta masu bin hagu ce. Furojektan da ba alama, a haɗa shi da batir a haska bango tun a shago.

Sai maganar launi, inda aka fi cutar mutane. Za ka ji yaron shago yana cewa, "Yallaɓai, ɗauki 12000K, ya ninka 6000K ƙarfi." Lambar nan launi take nunawa. Abin da kamfanonin mota ke sakawa wajen 4300K ne, fari mai ɗan ɗumi, kuma shi ya fi kowanne yawan haske. 5000K fari ne tas, ba laifi. Daga 6000K shuɗi ya fara shigowa, 8000K shuɗi ne sosai, 12000K har ya koma shunayya, kuma duk hawan da lambar ke yi haske raguwa yake. A jiƙaƙƙiyar kwalta shuɗin nan kusan ɓacewa yake, ga shi ya fi kowane launi sukar idon mai tahowa. Faransa ta taɓa tsayawa a ɗaya ƙarshen: daga 1937 har 1993 doka ta tilasta wa motocinta fitila ruwan ɗorawa don rage kashe ido, dattawan da suka ga tsofaffin Fijo na can za su tuna. Ban ce a koma can ba, amma mai shunayya ya sani ado ya saya.

Wat 35 ya isa. Na wat 55 ya fi zafi, yana cin ƙyallin furojekta, yana rage kwanan ƙwai. Balas kuwa, in da hali, na fi son tsohon na asali da aka ciro daga mota, irin na Denso ko Hella, a kan sabo mara nauyi mai kwali da zanen walƙiya. Balas na ƙwarai yana juya wutar gaba da baya sau ɗaruruwa a daƙiƙa don ƙarafan biyu su ci daidai. Mai arha gefe guda yake turawa, ƙarfe ɗaya ya cinye, bayan ɗan lokaci ka ga mota ido ɗaya fari ɗaya ja-ja. Jabun ƙwayayen manyan kamfanoni kuma sun cika kasuwa, kwali sak, farashi rabi. Araha dai ba ta ado.

Wajen haɗawa, a fara cire kan batir na bodi. A lokacin tashi balas yana zuƙar wuta fiye da yadda tsohuwar waya ta saba ɗauka, saboda haka daga batir za a ja masa tasa ta kan rile, da fis kusa da kan batir ɗin, tsohuwar wayar fitila aikinta kawai ta tayar da rile. A ɗaure balas da noti a jikin ƙarfe, nesa da zafin inji, nesa da inda masu wankin mota ke saita tiyo. Igiyar da ta tashi daga balas zuwa ƙwai ba a yanke ta, ba a ƙara mata tsawo, ba a naɗe ta da salatif. Ba a taɓa gilashin ƙwai da yatsa, maiƙon hannu kan sa ya fashe in ya yi zafi, ba a kuma kunna shi a fili ana kallo. In an gama ta ƙi kamawa, kafin a zagi mai shago a juya soket, don halojin bai damu da wace waya ce ta wuta ba, balas kuwa ya damu.

Motoci biyu ne ke ba mu ciwon kai. Na Kanada, da wasu na Amurka, suna da fitilar rana mai kunna kanta da ragaggiyar wuta. In ta biyo layin da balas yake, sai ya yi ta kifce-kifce har ya mutu, dole a raba su. Sai Marsandi da BMW da Volkswagen na shekarun 2000 masu kwamfuta: ta ga wat 35 a inda ta saba ganin 55, ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kunna gargaɗi a dashbod ko ta yanke wutar. Akwai ɗan abin da ake haɗawa a tsakani don kwantar mata da hankali, a saya tare da kit ɗin. Mai mota kuma ya saba da tayar da inji kafin kunna fitila. Ranar da ƙwai ɗaya ya mutu a canza biyun, launinsu na sauyawa da tsufa. Mataccen kuma kada a jefar inda yara za su fasa, akwai zaiba a ciki.

Yanzu kasuwa ta karkata ga LED, har wasu na cire zenon suna sa shi. Ba ya buƙatar dubban bolt, yana kamawa nan take, amma tambayar da za a yi masa ita ce dai wadda aka yi wa zenon: don wane kwano aka yi shi? A kai shi bango shi ma.

Bangon nan shi ne aikin ƙarshe, kuma ko sisi ba ya ci. Bayan magariba a sami fili shimfiɗaɗɗe, iskar tayoyi daidai, direba a zaune a kujerarsa. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a bango daidai wannan tsayi, a ja mota baya mita 10. Layin dim ya sauka ƙasa da allin da wajen santimita 10. Fitilu da yawa an buga musu adadin a jiki, 1.0% ko 1.2%, wato santimita 10 ko 12 ke nan a mita 10. A rufe ɗaya da kwali a saita ɗaya da sukurorin da ke bayanta, sannan a juya. Sai a tuna tsohuwar mota ba ta da na'urar daidaita kanta: buhu uku na masara a but da mutum huɗu a baya sun isa su dusar da gindinta, fitila ta koma kallon sama. Yawancin motocin Turai suna da wata 'yar ƙaramar taya kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3 don wannan, in da lodi a murza ta haske ya sauko. Da yawa ba su san amfaninta ba, a wasu motocin kuma ɗan injin da take juyawa ya daɗe da mutuwa, a duba shi. Motar haya da kullum but ɗinta a cike yake, ni da kayan a ciki nake saita ta.